Birin da ya ajiye muƙami: yadda almarar Sin ta gina labarin Black Myth: Wukong

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya ce ya zauna yana kallon ƙaninsa yana buga wasan Black Myth: Wukong, ya ga biri da sanda yana jibgar dodanni, ya ga wani mutum marar kai yana kaɗa abu kamar garaya yana waƙa, amma ya kasa gane inda labarin ya dosa. Shin masu wasan ne suka ƙaga wannan duka, ko daga almarar Sinawa suka ɗebo? In daga can ne, ta yaya tsohuwar almara take shiga wasan kwamfuta har ta zama labarinsa?

Ɗan'uwa, daga can suka ɗebo. Kuma abin da ya sa wasan ya tsaya da ƙafarsa shi ne ba su tsaya ga sunaye da tufafi ba, dokokin duniyar almarar suka kwaso: wa ke mulki a sama, ta yaya dabba ke rikiɗa ta zama dodo, wa ake kashewa in ya yi laifi, wa ake yafe wa. Zan ambaci ababen bautar Sinawa yadda suke a cikin labarinsu, don bayani ne na adabi. Zan kuma taɓa ƙarshen wasan, saboda haka in ƙaninka bai gama ba, kada ka karanta masa.

Tushen wasan littafi ne mai suna Xiyou Ji, wato Tafiya zuwa Yamma. Asalinsa tarihi ne na gaske. A shekarar 629 wani malamin addinin Buda mai suna Xuanzang ya bar Sin zuwa Indiya neman littattafan addininsa, ya yi karatu a Nalanda, ya dawo a 645 da littattafai 657. Daga nan labarinsa ya faɗa bakin masu ba da labari a kasuwa da masu wasan kwaikwayo, kowa yana ƙara masa gishiri, har kusan shekara dubu. Bugu mafi tsufa da ake da shi cikakke na 1592 ne, mai babi 100, kuma ana jingina rubutunsa ga Wu Cheng'en. Kafin labarin ya kai nan, malamin ya riga ya koma gefe, almajirinsa biri ya ƙwace fagen.

Birin shi ne Sun Wukong. Daga dutse ya fashe a Tsaunin Furanni da 'Ya'yan Itace. Tsoron mutuwa ya kore shi neman ilimi, ya koyi rikiɗa iri 72 da tsallen da ke cin li 108,000 (li ma'aunin nisa ne na Sinawa) a juyi guda. Ya shiga fadar sarkin tekun gabas ya karɓo sandar ƙarfe mai nauyin jin 13,500 (jin ma'aunin nauyi ne na Sinawa), wadda ke ƙanƙancewa ta zama kamar allura ya soke ta a kunne. Ya sauka lahira ya goge sunansa daga kundin matattu. Da fadar sama ta ga ba ta iya masa, sai ta ba shi muƙami don ya yi shiru: mai kula da dawaki. Ran da ya gano cewa muƙamin ko cikin jerin manya bai shiga ba, ya yi fatali da shi ya naɗa wa kansa sarautar Babban Waliyyi Daidai da Sama. Ya cinye 'ya'yan itacen tsawon rai, ya ɓata liyafar manya, aka jefa shi tanderun Laozi, babban addinin Dao na Sinawa, kwana 49 bai ƙone ba. Buda ne ya danne shi a ƙarƙashin tsauni shekara 500, aka sake shi bisa sharaɗin ya raka malamin nan zuwa yamma. Don kada ya sake bijirewa aka yaudare shi ya sa kambun zinare a ka, wanda ke matse masa kai duk lokacin da malamin ya karanta wata addu'a. Bayan masifu 81 suka isa, aka ba shi matsayin Buda, ya shafa kansa ya ji kambun ya ɓace. Riƙe maganar kambun nan, za mu dawo kanta.

Bahaushe in ya ji wannan zai tuna Gizo, kuma akwai kamar: wayo, rikici, raina manya. Amma Gizo cikinsa yake yi wa aiki, Wukong kuwa matsayi yake nema, yana so a san da zamansa a fada. Wannan bambancin ne ya kai mu ga abu na farko da almarar ta ba wasan.

Saman almarar Sinawa gwamnati ce. Akwai sarki, Yu Huang, akwai waziransa, akwai ma'aikatar tsawa, akwai masu riƙe da kundi, akwai ƙarin girma da rage girma da kora. Ruwan sama ma da takarda yake sauka, an rubuta sa'ar da zai fara da adadin da zai zuba. A cikin littafin akwai sarkin long na kogin Jing (long shi ne macijin nan mai ƙaho da ƙafafu da ke kula da ruwa, ba dodo mai fuka-fuki na Turawa ba) wanda ya yi caca da wani boka, ya jinkirta ruwan ya kuma rage shi kaɗan don ya ci cacar. Hukuncinsa fille kai. A lahira ma haka: kotuna goma, alƙalai, magatakarda. Da Taizong, sarkin Sin, ya sauka can, alƙalin da ke riƙe da kundi ya ɗauki alƙalami ya ƙara layi biyu, shekara 13 ta koma 33, saboda wasiƙar da wani tsohon abokinsa ya aiko. Har a ƙarshen tafiya, a gaban Buda, almajiransa biyu da ke tsaron littattafai suka nemi goro, da ba a ba su ba suka miƙa takardu farare fat, sai da malamin ya sadaukar da kwanonsa na zinare aka ba shi masu rubutu. Marubucin ƙarni na 16 yana kwatanta fadar zamaninsa ne ya ɗora ta a kan gajimare.

Ga mai rubuta labarin wasa wannan taska ce. Ba ya buƙatar ya ƙirƙiro wani mugun sarkin duhu da zai hallaka duniya. Abokin gaba yana nan a shirye, kuma tsari ne mai hawa-hawa, kowane mai muƙami yana da na sama da shi da yake tsoro. Dubi inda ɗan wasa ke hutawa ya ajiye ci gabansa a Black Myth: wani ɗan ƙaramin ɗakin bauta ne a bakin hanya, inda jarumin ke tsige gashi guda ya zama tsinken turare. Ɗakin Tudi ne, mafi ƙanƙantar ma'aikacin sama, kamar mai unguwa a wajenmu. A littafin duk inda Wukong ya isa baƙon wuri, Tudin yankin yake kira ya tambaye shi wane dodo ne ke nan, ɗan gidan wa ne. Masu wasan sun ɗauki wannan tsohon suka mai da ɗakinsa zangon matafiyi. Hatta macizan long huɗu da aka ɓoye a lunguna, waɗanda sai mai naci yake gano su, 'ya'yan sarkin kogin Jing ɗin nan ne da aka fille wa kai.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan wasan. Dodo a almarar Sin, wanda suke kira yaoguai, galibi ba a haife shi dodo ba. Ɓera ne, ko gizo-gizo, ko kura, ko ma itace, da ya yi ɗaruruwan shekaru yana horar da kansa da numfashi da zaman shiru da haɗa magunguna har ya sami hankali da siffar mutum. Hanyar da waliyyan Dao suka bi suka zama marasa mutuwa, ita ɗin dai ya bi. To me ya raba su? Rajista. Wanda fada ta rubuta sunansa ya zama abin bauta, wanda ba ta rubuta ba ya zama dodo. Wukong kansa ana kiransa dodon biri kafin a ba shi muƙami.

Masu karatun littafin sun daɗe da lura da wani abu. In Wukong ya ɗaga sanda zai gama da dodon da ya cinye mutane, sau da yawa sai murya ta sauko daga sama a ce dakata, nawa ne. Zaki abin hawan Manjushri ne, ɗaya daga manyan waliyyan addinin Buda. Giwa ta Samantabhadra ce. Masu ƙahon zinare da azurfa yaran tanderun Laozi ne. Mai Girar Rawaya yaron Maitreya ne. Ubangidan ya zo ya kama dabbarsa ya koma da ita gida, ba shari'a, ba diyyar waɗanda aka ci. Amma aljanar farin ƙashi, da ba ta da kowa, nan take aka kashe ta. 'Yan matan gizo-gizo bakwai ma haka. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, kuma littafin ya nuna wannan sau da dama ba tare da ya tsaya ya yi sharhi a kai ba.

Sharhin da littafin bai yi ba shi ne kamfanin Game Science ya mayar wasa. Feng Ji da abokansa, da suka kafa kamfanin a 2014 bayan sun bar Tencent, ba su maimaita tafiyar ba. Sun fara daga bayan babi na 100. Wukong ya ajiye matsayin Buda ya koma tsauninsa, fadar sama ba ta yarda ba, ta turo runduna ƙarƙashin Erlang Shen mai ido uku, wanda ya taɓa kama shi a littafin. Ana cikin faɗa sai kambun da aka ce ya ɓace ya bayyana a kansa, ya matse, aka kayar da shi. Cikin mintunan farko wasan ya riga ya faɗi ra'ayinsa: ba a taɓa cire kambun ba, ɓoye shi aka yi. Ƙarfinsa ya rabu gida shida, sai wani ɗan biri da ba ya magana, wanda ake kira Ƙaddararre, ya fita neman su. Shi ɗan wasa ke sarrafawa.

Shidan nan ma ba daga iska suka zo ba. A babi na 14, da Wukong ya fara bin malaminsa, 'yan fashi shida suka tare su, sunayensu kuwa Ido mai gani ya yi murna, Kunne mai ji ya fusata, Hanci mai shaƙa ya so, Harshe mai ɗanɗana ya yi kwaɗayi, Jiki mai ɗauka ya wahala, Zuciya mai tunani ta yi buri. Ya kashe su duka. A koyarwar Buda waɗannan su ne ƙofofi shida da sha'awa ke shiga mutum. Littafin ya sa ya kashe su a farkon tafiya, wasan ya sa magajinsa ya bi su yana tattarowa ɗaya bayan ɗaya. Juyawar nan da gangan ce, kuma ita ta ba wasan babinsa shida. Ka ga yadda shafi biyu na tsohon littafi suka zama ginshiƙin wasan sa'o'i da dama.

Kowane babi komawa ne wurin da matafiyan suka taɓa wucewa, a ga abin da suka bari a baya. Na farko ya fi taɓa ni. A littafin akwai wani dattijo, Jinchi, shugaban gidan ibada mai shekara 270, wanda ya tara rigunan ibada ɗaruruwa a akwatuna. Da ya ga rigar malamin Wukong sai ya kwana yana kuka don ba tasa ba ce, ya sa aka cinna wa masaukin baƙin wuta. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya, gidan ibadarsa ne ya ƙone, ya buga kansa da bango ya mutu. Abokinsa baƙin beyar ya sace rigar cikin hayaƙi, daga baya Guanyin, wata babbar waliyyiyar addinin Buda, ta ɗauke shi ya zama mai gadinta. Wasan ya dawo da beyar ɗin tsaunin, ya sake gina gidan ibadar, yana ƙoƙarin ta da abokinsa. In ka kaɗa ƙararrawa uku da ke warwatse a dajin, za ka tarar da dattijon, har yanzu rigar yake nema. Abin da Ƙaddararre ke samu a ƙarshen babin shi ne Ido. Labarin kwaɗayin abin da ido ya gani, ladarsa ido.

A babi na uku Mai Girar Rawaya ne, wanda a littafin ya gina gidan ibada na bogi ya zauna a kujerar Buda. Wasan ya ba shi hujja: yana cewa ɗan Adam sha'awa ce ke jansa, duk wani wa'azi rufa-rufa ne. A ɗan fim ɗin zane da ke rufe babin ya rikiɗa ya zama wata halittar ruwa mai kama da kunkuru da dukiya ke fita daga jikinta, mutanen ƙauye suka fara da girmama ta suka ƙare da yayyaga ta, shi kuma ya ce kun gani. Amsar da aka ba shi ita ce shi ya shirya jarrabawar don ta ba da sakamakon da yake so. A babi na biyar kuwa Tsaunukan Wuta ne, waɗanda littafin ya ce tubalan tanderun Laozi ne suka faɗo duniya ran da Wukong ya hamɓare shi, aka kuma hukunta mai gadin tanderun da saukar da shi ya zama Tudin wurin. Wani ya yi ɓarna, ƙaramin ma'aikaci ya biya. Shi ma wasan bai manta da shi ba, yana cikin waɗanda za ka yi faɗa da su.

Abu na uku shi ne abin da hannunka ke yi a kan maɓallai. Kusan duk dabarar da ƙaninka ke amfani da ita tana da shafinta. Sihirin da ke daskarar da abokin gaba shi ne wanda Wukong ya yi wa 'yan matan sama bakwai a lambu. Tsige gashi a hura ya zama birai masu yawa, nasa ne tun farkon littafi. Da'irar da ake zanawa a ƙasa ita ce wadda ya zana wa malaminsa ya ce kada ya fita, malamin ya fita aka kama shi. Rikiɗa zuwa siffar dodon da ka kayar daga rikiɗa 72 ta fito. Wannan shi ne ya fi wuya a sana'ar, domin labarin da ake faɗa maka a bidiyo kana iya tsallake shi, amma wanda yatsunka ke yi sau ɗari a dare yana zama a jikinka.

Sai mutumin nan marar kai da ka tambaya. Salon waƙarsa na gaske ne, na masu ba da labari na arewacin lardin Shaanxi, da molonsu mai tsirkiya uku da ake kira sanxian. Shi kuwa Lingji ne, wani waliyyin addinin Buda, wanda a littafin ya kama ɓeran da ya saci man fitilar Buda ya zama dodon iska. A wasan ɓeran ya juyo ya sare kan ubangidansa ya tafi da shi. Ni ina ganin wani abu a bayan wannan hoton. A kogunan Tianlongshan da ke Shanxi an sassare kawunan gumaka a shekarun 1920 aka sayar da su ƙasashen waje, gangar jikin na nan, kan yana wani gidan tarihi. Basine da ya ga gunki marar kai yana waƙar neman kansa, da wuya wannan bai faɗo masa ba. Masu wasan sun yi yawo da na'urorin ɗaukar siffa zuwa tsofaffin wurare 36, 27 daga ciki a Shanxi, har da Xiaoxitian na gundumar Xi mai sassaƙe-sassaƙen da ke rataye tun ƙarshen daular Ming. Bayan fitar wasan a 20 ga Agusta 2024, da sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku, masu yawon buɗe ido suka yi wa waɗannan wuraren tsinke. Ko a fassarar Turanci sun bar kalmomi irin su yaoguai da loong (wato long) yadda suke, don kada baƙo ya ɗauka abin da ya saba gani ne.

Ruɗewar da ka yi kuwa ba laifinka ba ne, kuma a nan nake da ƙorafi a kan wasan. An rubuta shi ne ga mutanen da suka tashi da labarin, waɗanda suka kalli shirin talabijin na 1986 da aka yi kan littafin a duk hutun makaranta, har ma waƙar shirin aka sa a ciki. Ga irin waɗannan, ganin alade Zhu Bajie, abokin tafiyar Wukong, kaɗai ya isa ya motsa zuciya. Ga baƙo kuwa, jarumin ba ya magana, dodanni suna zance da habaici kan abin da ya faru shekaru ɗaruruwa baya, kuma mafi daɗin labarin an tura shi cikin kundin da ke cikin wasan, inda kowane dodo ke da 'yar waƙa da gajeren labari. Mutum zai iya gama wasan bai buɗe kundin ba, ya fita da faɗa kawai. Ina ganin da sun fito da kashi ɗaya cikin uku na abin da ke kundin zuwa fili, da ba a yi asara ba. Babi na shida ma, duk da tashi a kan gajimare, fili ne mai faɗi da abin yi kaɗan. A Sin kuma an sami masu ƙaunar littafin da suka ji haushin yadda aka baƙanta fadar sama da wasu canje-canje ga halin Wukong. Ina fahimtar su, amma ban bi su ba, domin labarin da ya yi shekara kusan dubu a bakin mutane kafin a buga shi, ba ranar da ya taɓa zama wuri ɗaya.

Ba wannan wasan kaɗai ba ne ya ɗebo daga almarar Sin. Nine Sols, na kamfanin Red Candle Games na Taiwan, wanda shi ma ya fito a 2024, ya ɗauki labarin maharbi Yi da ya harbo rana tara cikin goma da suka ƙona duniya, ya mai da ranakun sarakuna tara da jarumin zai kayar. Lissafin almarar ya zama lissafin manyan faɗan wasan. A 2010 kuma wani kamfanin Ingila, Ninja Theory, ya yi Enslaved: Odyssey to the West, ya kai labarin Amurka bayan rushewar duniya, ya zubar da kusan komai, amma ya riƙe kambun da ke tilasta wa jarumi biyayya. Game Science ɗin ma sun sanar a Agustan 2025 cewa wasansu na gaba a kan Zhong Kui ne, mai kamun fatalwa.

Ka ga kambun ya sake dawowa, kuma da shi wasan ya rufe. A ƙarshe Ƙaddararre yana faɗa da gangar jikin Wukong da ta rage ba hankali. In ɗan wasa ya bi hanya miƙe ya ci faɗan, kambun yana faɗowa cikin ruwa, tsohon birin da ya rako shi ya ɗauka ya ɗora masa a ka, sabon Wukong ya gaji ƙarfin tare da ɗaurin. Amma in ya bi lungunan da aka ɓoye a babukan baya har ya kai ga Erlang a Tsaunin Mei ya kayar da shi, sai ya tarar ashe Erlang ajiya yake riƙe da ita, tunanin Wukong da duk abin da ya gani a rayuwarsa. Da wannan a tare da shi, tsohon na matsowa da kambun sai ya buɗe ido kafin a sa masa. In ƙaninka ya gama ya ga an ɗora kambun, ka ce masa ya koma babi na uku, akwai zanen bango a cikin babbar hasumiyar nan da bai shiga ba.